Idon Hagu na Iliyasu Mai-Jirgi

A El Allassane Maïreyrey, in ka tambayi gidan Iliyasu sai a ce maka wanne. Amma ka ce Mai-Jirgi, kowa zai nuna maka rumfar injin niƙa da ke bakin hanyar Mayahi. Ni taubashinsa ne, Mutari tela. Uwarsa, Gwaggo Ladi, yayar mahaifina ce, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɓarawon ƙyalle. Ba mu taɓa gaisawa babu zagi a ciki ba.

Cikin tsararmu shi kaɗai lakwal, wato makarantar boko, ta karɓa. Ya gama a Mayahi, ya wuce Yamai, ya sami aikin gyaran inji wajen masu feshin fara. Daga nan ya shiga ƙungiyar masu ƙananan jirage, irin waɗanda ke tashi don sha'awa kawai, ba wanda ke biyansu. Samari na tara kayan aure, shi albashinsa a sama yake ƙarewa. Haka ya yi ta yi har ya sami takardar izinin tuƙi, wadda yake kira birebe.

Sau ɗaya tak ya zo mana da jirgi. Bayan girbi ne, da hantsi. Ya yo ƙasa-ƙasa ya kewaya rijiya, jakuna suka tsinke igiya, mata suka zubar da guga suka watse. Gwaggo Ladi tana sussuka a lokacin. Da aka ce mata ɗanta ne a ciki, sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta kasa tashi. Da ya zo hutun salla ta kira shi ɗaki.

"In dai nonona ka sha," in ji ta, "ba ka ƙara hawan abin ga ina da rai."

Ya ce to. Bai roƙa ba, bai yi gardama ba. Ba a daɗe ba mahaifinsa ya rasu, sai ya tattaro ya dawo gida, ya kama gona, ya sayi injin niƙa, ya yi aure.

Allah kuwa ya yi wa Gwaggo tsawon rai, ta ƙara shekara talatin da ɗoriya. Ni shaida ne Iliyasu bai taɓa nuna ya ƙosa ba. Shi ke ɗaukarta ya fito da ita shan hantsi, shi ke dama mata fura mai ruwa-ruwa yadda take so. Abu ɗaya ne ya kasa bari. In jirgi ya gifta can sama, sai ya kashe inji ya fito ya ɗaga kai, mata masu niƙa na ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Bara waccan Gwaggo ta cika. Bayan sadakar arba'in sai ga shi a shagona da wani yadi mai kauri.

"Ɓarawon ƙyalle, ɗinka mani matashin zama. Ka cika shi da tauri."

"Basir ya kama ka, bawana?"

"Jirgi za ni koma. In ban ɗora wani abu bisa kujera ba, ban hangen gaban hancinshi."

Iliyasu gajere ne, kuma shekaru sun ƙara danne shi. Na yi dariya har na soki yatsana da allura. Amma da na dubi fuskarsa sai na ga wani haske da rabona da shi tun muna samari, na karɓi yadin.

Ɗiyarsa Najiba da ke aure a Yamai ita ta nemo masa ƙungiyar. Suka ce birebensa ya daɗe da mutuwa, amma ana iya tayar da shi. Sai likita ya duba lafiyarsa ya sa hannu, sannan ya sake zama gefen malamin tuƙi har hannunsa ya dawo, sannan a jarraba shi. Ya sayar da bijimansa, ya tafi ya gano wurin, ya dawo yana ta zuba kamar wanda ya je Makka.

Jirage biyu ya tarar. Akwai sabo ƙarami mai kujera biyu, marar shan mai, gabansa duk gilashi irin na salula. Akwai kuma tsoho mai kujera huɗu da agogai masu allura, irin wanda ya koya da shi sak. Kowa ya ba shi shawarar ƙaramin, har malamin tuƙin. Iliyasu ya ƙi.

"Wancan babur ne aka liƙa ma fukafukai," in ji shi. "Tsohon nan ko, da na shiga na ji warin kujerarshi, hannuna da kanshi ya tahi inda makunni yake."

Matsalar ita ce tsohon na kasuwa. An riga an yi cinikinsa, mai shi zai zo ya ɗauka da an gama girbi. Iliyasu ya lissafa ya ga in ya fara da damina zai kammala, ya zo ya kewaya rijiyarmu sau ɗaya kafin a tafi da shi. Iyakar burinsa ke nan.

Sai likita ya duba shi. Zuciya lafiya, jini lafiya, kunne lafiya duk da ƙarar inji. Amma idon hagu ya fara yana. Likitan ya ce ƙaramin aiki ne, a cire a sa masa wata ƙwayar gilashi, ya warke ya dawo a sa hannu. Da ya je asibitin ido ya tarar da layi, aka ba shi lokacin sanyi. Kafin sanyi kuwa za a tafi da tsohon jirgi.

Na ce masa ya jira, ya hau ƙaramin. Sama dai ai ɗaya ce. Sai ya ce, "Ka tuna mai sakiyar da ya buɗe ma Inna ido?"

Na tuna. Wani mutum ne da ke zuwa Mayahi ranar kasuwa, ya shimfiɗa tabarma gindin bedi, wato dogon yaro. Tsinken ƙarfe yake sawa ta gefen ido ya ture yanar ta faɗa ciki. Shi ya yi wa Gwaggo bayan ta shekara ba ta gani, ta tashi tana gane jikokinta. Garinmu duka an san wannan. An kuma san waɗanda suka je suka dawo da sanda, amma su ba a cika ba da labarinsu ba.

"Iliyasu," na ce, kuma ban tuna ranar da na taɓa kiransa da sunansa ba, "Gwaggo ba ta da abin da za ta rasa. Kai idonka na gani. Kada ka tahi."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Hassada ce, ɓarawon ƙyalle. Tsoro kake in ɗauke ka sama ka jiƙa wando."

Nan na gane halin da nake ciki. Shekara sittin duk abin da ya fito bakina zuwa gare shi wasa ne, yau da nake da gaskiya babu ƙofar da za ta shiga. Na rantse masa, ya ce rantsuwar tela. Na yi fushi na gaske, ya ce na iya kwaikwayo. Na buga wa Najiba, ta kira shi ta yi masa kuka a waya, ya lallashe ta ya ce ya fasa.

Ranar kasuwa na je rumfarsa na tarar da ita rufe. Na hau babur na bi shi Mayahi. Na same shi zaune a kan tabarmar, ya cire hula. Na kama hannun rigarsa ina ja, ina faɗa. Mutane suka taru. Sai wani ɗan garinmu ya ce, "Ku ƙyale su, taubasai ne," kowa ya fashe da dariya, har shi mai sakiyar. Aka janye ni gefe ana bubbuga mini kafaɗa. Ina tsaye ina ji ina gani aka riƙe masa kai, sai na juya baya.

Da farko ya ce yana ganin haske tarwai, har ya aiko a gaya mini in shirya wandon canji. Kafin wata kasuwar ta zagayo idon ya kumbura ya rufe, yana zubar da ruwa, ciwon kai ya hana shi ko zama. Muka kai shi Maraɗi. Likitan ido ya duba ya daɗe, sannan ya tambaya wa ya taɓa shi. Na ce masa mai sakiya ne. Suka yi abin da za su iya, suka kashe ciwon, amma idon ya tafi. Mai sakiya kuwa ba a sake ganinsa gindin bedin ba.

Likitan ƙungiya ya ce ba zai sa hannu ba, ko don tsohon jirgin, ko don ƙaramin. Da aka gama girbi Najiba ta bugo ta ce an zo an ɗauki jirgin.

Matashin na daɗe da gama shi, na tura shi ƙarƙashin tarin yaduka don kada ya gani. Rannan sai ga shi ya shigo, yana karkata kai don ya ga bakin ƙofa.

"Ina kayana?"

Na ciro na miƙa masa. Ya matsa shi da hannu biyu, ya ce ya yi tauri yadda ya so. Yanzu a kansa yake zama gaban injin niƙa. In jirgi ya gifta har yau yana kashe inji, sai dai yanzu da jikinsa duka yake juyawa yana nema, wani lokaci kafin ya same shi ya wuce.

Da zai fita ran nan ya tsaya a bakin shago, matashin a hammata.

"Mutari, tun Maraɗi ba ka ce mani bawanka ba. Zage ni mana."

Na buɗe baki. Na nemi zagi ɗaya cikin duk waɗanda na tara shekara sittin, na rasa. Ya ɗan jira, sannan ya gyara hularsa ya tafi.