Ni na hana a cire wa jikata maƙoƙo tun yana ƙarami

A wancan lokacin ni ce mai faɗa a ji a gidan ɗana da ke Kurmin Mashi. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ni kuwa ban taɓa shiga aji ba, yanzu ma faɗa nake ana rubuta muku. Amma in na ce a'a, to magana ta ƙare.

Ina da jika mace, takwarata, mai murya kamar sarewa. Tana 'yar firamare wani ɗan ƙulli ya fito mata a wuya, kamar ƙwallon dabino. Uban ya kai ta asibiti, likita ya ce maƙoƙo ne, kuma an yi sa'a bai girma ba. Ya ce ɗan tsagi za su yi da bai wuce gaɓar yatsa ba, su zura siririn ƙarfe mai ido, su ciro shi. Ni dai wuƙa a wuya kawai na hango. Na ce jikata ba akuya ba ce. Ɗana ya durƙusa yana roƙona, uwar yarinyar na hawaye a bakin ƙofa, na ce masa in ya yarda aka taɓa ta, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Ya sunkuyar da kai, ya haƙura.

Sai na ɗauke ta zuwa Rigasa wurin wani wanzami ɗan garinmu. Ya yi mata tsaga, ya shafa baƙin magani, ya ce kafin damina zai narke. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ƙulli ya zama kamar lemo. Yarinya ta kasa haɗiye tuwo sai kunu, in ta kwanta numfashi da ƙyar. Duk da haka ba wanda ya iya buɗe baki a gabana, har sai da ni da kaina na ce a mayar da ita asibiti.

Likita bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi lokacin ƙaramin aiki ya wuce, yanzu sai an buɗe wuyan sosai. An yi, ta rayu, alhamdulillahi. Amma muryarta ta dushe, har yau ba ta dawo ba.

'Yan'uwana iyaye da kakanni, Allah ya sa wa bakinmu nauyi, kada mu ɗora shi a kan abin da ba mu sani ba. In likita ya yi bayani ba ku gane ba, ku ce ya sake. Ni ban tambaya ba, rantsuwa kawai na yi, kuma ba ni abin ya faɗa wa ba. Ranar da na roƙi jikata gafara, ta ce ta yafe. Sai da ta maimaita, na kai kunnena bakinta, sannan na ji.