Ranar da Malam Sale Ya Yi Azahar a Tsaye

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki, guda ɗaya ce ta ƙi fita daga raina, ita ce ranar da aka kawo Malam Sale hedman, wato shugaban leburori, gaban kwamitin duba lafiya. Ku da kuka zo bayanmu kuna yawan tsokanata, wai Inna Kande ba ta barin masu jira su huta, kullum tana kan benci tana yi musu huɗuba. To ga dalilin. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Aikina atanda ne a ɗakin shan magani na ma'aikatarmu, wadda ke gyaran hanyoyin ƙauye da haƙa rijiyoyi tsakanin Gwarzo da Kabo. Atanda ita ce mai share ɗaki, mai goge gadon gwaji, mai kiran suna, mai miƙo ruwa. Ba a tambayarta komai, amma komai a kunnenta ake yinsa. Ni daga gida sai aiki, daga aiki sai gida, ko kasuwar Getso sai in shekara ban leƙa ba, amma labarin kowa yana iske ni a kan bencin nan.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, gwamnati kuma tana cikin tsuke bakin aljihu. Abu biyu suka canza a yadinmu. Na farko, da an kira azahar kowa zai ajiye abin da yake yi, manya da ƙanana a haɗu a rumfar da aka kafa a tsakar yadi, har da waɗanda a da sai rana ta yi ja suke tunawa da buta. Na biyu, an ce za a rage ma'aikata, kuma wanda ba a ganinsa a bakin aiki shi za a fara cirewa.

Kwamitin mutum uku ne. Akwai likita da ake turo mana daga birni, akwai shugaban sashen ma'aikata da muke kira Alhaji Babba, shi ne mai kujera, sai wakilin ofishin kuɗi wanda ban taɓa jin ya ce komai ba sai "haka ne". Ƙa'idarsu na ji an karanta ta har na haddace. Doka ba ta damu da sunan ciwonka ba, abin da ciwon ya hana ka yi take dubawa. Wanda ake sa ran zai warke, a ba shi hutun jinya. Wanda ya naƙasa amma yana iya tashi da tafiya, a mayar da shi aiki mara nauyi. Wanda naƙasarsa ta yi tsanani, ba ya iya tsayuwa ko tafiya ko kula da kansa sai da wani, kuma ba a sa ran zai dawo daidai, shi ne ake sallama da haƙƙinsa, ya koma gida ya ci fansho. Sannan ba a karɓar "an ce". Sai abin da kwamiti ya gani da idonsa.

Malam Sale mutumin wajen Dugabau ne, shi ne shugaban leburorin da ke saka bututun kwalbati. Dogo ne, mai murya, in ya ce a ɗaga to sai an ɗaga. Ni dai na san shi da tsokana, kullum ya shigo karɓar maganin ciwon jiki sai ya ce ƙwayoyinmu alli ne muke yankawa. Wata rana ana sauke bututu daga mota igiya ta tsinke, bututun ya same shi a gadon baya. Tun daga nan ƙafafunsa suka mutu. Yana jin su kaɗan kaɗan, amma ba sa ɗaukarsa. Hutun jinyarsa ya ƙare, saura kuma shekaru kafin fansho ya kama shi. In bai shiga matakin nan na uku ba, ba shi da komai.

Ranar zaman na zo da sassafe in share ɗaki, sai na tarar da shi ya riga ni. Yana zaune a kan benci, ya sha babbar riga fara da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Abokan aikinsa biyu, Ɗanjuma da Audu Gajere, suna zaune ɗaya a dama ɗaya a hagu. Matarsa Hanne tana can gindin darbejiya, ta lulluɓe har ido. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi ƙwarai, sai godiya. Har ya tambaye ni ko har yanzu muna yanka allin.

Da aka zo kansa, likita ya leƙo ya ce a shigo da shi. Alhaji Babba da na ofishin kuɗi suna can kan tebur sun duƙufa a kan takardu, Ɗanjuma da Audu suka shigar da shi a tsakiyarsu da sauri suka dire shi a kujera. Likitan yaro ne, amma yana da hankali. Ya ƙwanƙwasa masa gwiwa, ya soka masa allura a tafin ƙafa, ya ce ya ɗaga ƙafa, ba ta ɗagu ba. Ya ce ya miƙe tsaye. Malam Sale ya dafa kujera ya yunƙura har gumi ya keto masa, ya koma ya zauna. Amma duk tambayar da aka yi masa da baki, amsa ɗaya ce. Wanka fa? Ana yi, alhamdu lillahi. Bayan gida fa? Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce ba matsala. Ni na so in fita don ya sake, amma ni ke riƙe da tasar kayan gwaji. Ana cikin haka aka kira azahar, Alhaji Babba ya ce a ƙarasa bayan salla.

Mu mata mukan jira maza su idar sannan mu yi tamu a baranda. Na ɗebo ruwa na kai wa Hanne, na zauna kusa da ita. Ban ma tambaye ta ba. Ta ce a gida Malam rarrafe yake yi, shi ma sai an fitar da yara daga tsakar gida. Ta ce fitsari ba ya riƙuwa, ita ke wanke zannuwan ta shanya su a bayan ɗaki don kada maƙwabta su ƙirga. Rigar ma ta yayansa ce aka aro. A amalanke aka turo shi zuwa bakin titi, ya sa aka kawo shi tun kafin a buɗe ƙofa, don ya ce ba za a gan shi a ɗauke ba a yadin da shi ke ba da umarni. Na ce mata ai da ya faɗa wa likita haka. Ta ce, "Inna, Malam ko ni bai taɓa ce wa ya kasa ba."

Muna cikin magana aka ta da iƙama. Na ɗaga kai, sai ga Malam Sale a sahun farko, a tsaye. Ɗanjuma da Audu sun matse shi kafaɗa da kafaɗa. Kun san mutanenmu hannu a sake suke salla, to kowannensu ya zura nasa hannun ta cikin babbar rigar ya riƙe masa ƙugu. In ba ka sani ba, sai ka ce sahu ne kawai ya yi kyau. Ni daga inda nake ba hannuwan na gani ba, nishi na ji. Duk tasowa daga sujada sai in ji mutum uku sun yi nishi tare, irin wanda suke yi in za su ɗaga bututu. Alhaji Babba kuwa yana sahu na biyu, daidai bayansu. Raka'a huɗu aka yi, Malam Sale bai zauna ba sai inda kowa ke zama.

Daga baya Ɗanjuma ya gaya mini yadda aka yi. Sun shimfiɗa masa tabarma a ƙarshen sahu don ya yi a zaune, ya ce shi tunda ya fara aiki a nan bai taɓa salla a gefe ba, ba kuwa zai fara yau a gaban manya da yaran da ya koya wa riƙon shebur ba. Ya roƙe su. Su kuma hedmansu ne, kuma abin salla ne, wa zai ce a'a?

Da aka koma ɗaki fuskar Alhaji Babba ta canza. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a ina. Amma an ja masa kunne daga sama a kan masu ciwon ƙarya, kuma ba a daɗe ba wani ya zo masa da sanduna biyu, aka sallame shi, bayan kwana kaɗan aka gan shi a kan keke da buhun wake. Alhaji ya ce addini da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, wanda bai iya tsayuwa ya zauna, wanda bai iya zama ya kwanta. To mutumin da ya kasa miƙewa a ɗaki, ya kuma yi azahar a tsaye, a wane wuri ya faɗi gaskiya? Likita ya ce shi jijiya ya gwada, jijiya kuwa ba ta ƙarya. Alhaji ya ce shi ma da idonsa ya gani, kuma ƙa'ida abin da aka gani ta ce.

Sai likita ya jawo kujerarsa kusa, ya sassauta murya.

"Baba, abu ɗaya nake so ka gaya mana. Da ƙafarka ka tsaya, ko riƙe ka aka yi?"

Ɗanjuma da Audu suna bakin ƙofa, bayansu leburori sun cika baranda suna leƙe. Ɗanjuma ya buɗe baki, Malam Sale ya yi masa kallo ɗaya, ya rufe.

"Na tsaya, ranka ya daɗe. Allah ne ya ba ni iko."

"Baba, ka gane abin da amsar nan za ta jawo maka?"

"Na gane. Amma ba zan zauna a nan in ce tsayuwar da na yi wa Ubangijina ta aro ce ba."

Na ajiye tasar na durƙusa, na ce a gafarce ni, iyalinsa tana waje, ko za a ji ta bakinta. Likita ya ce a kira ta. Ta zo har bakin ƙofa, ta durƙusa. Malam Sale bai ko juya ba, ya ce, "Hanne, koma ki zauna." Ta koma.

Alhaji Babba ya ce mutumin yana iya tsayuwa. Na ofishin kuɗi ya ce haka ne. Biyu suka rinjayi ɗaya. Aka sa shi a mataki na biyu, aka ba shi gadin ƙofa, wai aikin zama ne. Likita ya rubuta nasa ra'ayin daban, ya ce zai nemi a sake zama. Kafin a sake zaman aka yi wa likitan canjin wurin aiki, wanda ya zo bayansa kuma ya tarar da layi har bakin titi.

Aikin gadi zama ne, gaskiya ne, amma sai ka iso ƙofar tukuna. Leburori suka raba kwana, yau wannan ya ɗauko shi a babur ɗin aro, gobe wancan, a ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi. Da damina ta sauka hanyar ƙauyensu ta yanke, hanyar da shi da hannunsa ya saka wa kwalbati. Ya fara fashi. Da aka liƙa sunayen waɗanda aka rage, nasa yana ciki, dalili kuwa rashin zuwa aiki.

Ni da ba na zuwa ko'ina, sai da na hau mota na je duba shi. Na tarar ya rame, zaman wuri ɗaya ya ɓare masa baya. Hanne ta koma surfe a gidajen mutane, babbar 'yarsu an kai ta wajen dangin uwa a Durun don a rage baki. Na tambayi jiki. Ya ce da sauƙi.

Bai daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Na je gaisuwa, ina cikin gida wajen mata aka fito da makara, na hango Ɗanjuma da Audu su ne a gaba. Da aka dawo Ɗanjuma ya same ni a zaure zan tafi, idanunsa sun yi ja. Ya ce tun ranar azahar ɗin nan ba ya iya tsayawa a sahun farko. Ya ce da sun sake shi ya faɗi a gaban Alhaji, da kunyar yini ɗaya ce, yaransa su ci abinci. Na ce masa ai don Allah suka yi. Ya girgiza kai ya ce, "Yau ma mu muka riƙe shi, Inna. Yau dai kowa ya gani."

Abin da na koya ke nan. Doka tana auna abin da mutum ya kasa, cikin ɗan lokacin da ya zauna a gabanta. Mu kuwa tun muna yara abin da aka koya mana mu ɓoye ke nan. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan don ya ci wani abu, kowa abin da ya sani na daidai ya yi, kuma mutum ya tafi a haka. Shi ya sa kuke ganina a kan benci. Duk wanda ya zo cikin rigar aro nakan zauna kusa da shi, in ce Baba, "da sauƙi" ta 'yan dubiya ce, ka bar ta a gida, a nan ranarka mafi muni ake tambaya. In an zo tambayar bayan gida, ni da kaina nake ajiye tasa in fita in ja ƙofa. 'Yan rakiya kuma ina gaya musu su shigo da shi yadda suke ɗaukarsa a gida, da rana tsaka, a gaban kowa. In an kira azahar kuwa, ni nake shimfiɗa masa tabarma a gefen sahu, kuma ba na barin wurin sai na ga ya zauna.