Mai Wanke Jini da Bitirut

Ga wani mutum tsaye gaban wata mai sayar da lemon jan tushen nan bitirut, tumbi a gaba, yana haki kamar wanda ya hau bene. Ita dai tana zuba masa tana kallonsa.

"Baiwar Allah, cika kofin. Wannan jan ruwan wanke jini yake, har tsufa yake korewa. Ni tuni na watsar da ƙwayoyin hawan jinin da likita ya ba ni."

"Hawan jinin ya sauka ke nan, ranka ya daɗe?"

"Sauka? Ai gudu ya yi! Ƙara sukari."

Yana kurɓa yana yamutsa fuska, leɓe jawur. Wataƙila a gida akwai wadda ta yi ta roƙonsa ya sha magani har ta gaji. Ya dire kofin, ya dafa bango sai da jiri ya sake shi, sannan ya kunna sigari.