Babur ɗin Malam da Tafiyar Bunkure

A shekarun tamanin muna zaune a wani ƙauye bayan Kura, gidanmu dab da kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha, kakarmu Inna Yalwa takan hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Babanmu kuwa yakan tsuguna a gefe da aci-balbal, yana fama da babur ɗin Malam.

Malam shi ne kakanmu. Babur ɗinsa ɗan ƙarami ne ja, da shi yake kai albasa kasuwa. Tun da ya rasu aka jingine babur ɗin a bayan rumbu, kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa, sai a waccan shekarar Baba ya jawo shi. Ya kankare tsatsar tanki, ya sake tayoyi da fulogi, ya ɗinke sirdin da hannunsa. Babur ya tashi, amma batir ba ya riƙe wuta. In an yi masa caji a Kura sai ya yi ta gudu, can fitila ta fara ja, hon ya shaƙe, ya mace a bakin kanal. Ba sau ɗaya Baba ya turo shi gida yana haki ba.

A lokacin yayar Inna, Iya Ladi, tana kwance ba lafiya a wani ƙauye gaba da Bunkure. Inna ta ce a sa ta a a-kori-kurar masu tumatir ta je ta gano ta. Baba ya ƙi.

"Inna, ke a tsakiyar kwanduna? Ki ɗan ƙara haƙuri. A babur ɗin Malam zan kai ki, kamar yadda yake kai ki."

Ta dube shi, ta ce, "To, Sule. Allah ya kai mu."

Wani dare ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ku matso, yau wata sabuwa ce ta zo muku." Ta ba mu labarin wani masunci da uwarsa ta roƙa ya ƙetarar da ita kogi, ta ga 'yar'uwarta. Maƙwabta suka ba shi aron kwalekwale, ya ce a'a, na ubansa zai gyara. Ya toshe wannan huda, wata ta ɓulla. Ya toshe ta, ya ga ruwa na tsattsafowa ta gindi. Damina ta wuce yana liƙi. Ranar da jirgi ya daina yoyo, kogin ya janye, har awaki na ƙetarewa da ƙafa. Suka taka suka je, suka tarar da ɗakin 'yar'uwar a rufe, ciyawa ta fito a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, sai uwar ta yi masa faɗa?"

"Faɗan me, 'yar nan? Ta ce ya kai ta ta zauna a cikin jirgin, ko a kan yashi ne."

Baba ya yi dariya ba tare da ya ɗago ba. "Inna, da ni kike."

"Ni da jikokina nake. Kai dai riƙe wayarka."

Daga nan Baba ya ƙara ƙaimi. Ya kai babur wurin Bitrus, wani bakanike mutumin Filato da ke da rumfa a Kura. Suka sake kwayil, ba ta canza zani ba. Suka sake ɗan ƙarfen da ke tura wuta cikin batir, aka samu sauƙi na 'yan kwanaki, matsalar ta dawo. Tumatir kuma ya nuna, ba halin barin gona. Sai da aka gama ɗiba suka kwance wayoyin gaba ɗaya. Ashe wata 'yar waya ce a ƙarƙashin sirdi ta goge, tana taɓa ƙarfe, duk wutar da injin ya tara tana zurarewa ta nan. Bitrus ya naɗe ta, ya ɗaure. Da magariba Baba ya shigo gida, fitila tar, ya ce, "Inna, ki shirya, Juma'a sai Bunkure."

Kafin Juma'ar ɗan aike ya iso a kan keke. Iya Ladi ta cika.

A babur ɗin Baba ya kai Inna gaisuwa. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon su, ta riƙe rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe mayafi. Bayan sun dawo Baba bai ƙara zama kusa da wutarmu ba har sanyi ya wuce. Inna ba ta taɓa tayar masa da zancen ba, ko da wasa.

Na daɗe ina ɗauka gugar zana ta yi masa a daren da ta ba mu labarin masuncin nan, kuma na daɗe ina jin haushinsa. Sai da Baba ya rasu, na tsinci kaina ina wanke tsofaffin rigunansa da ba mai sa su, sannan na fahimci abin da yake nema a cikin wayoyin nan. Inna ta riga kowa ganewa. Mace ce da ba a tanƙwara ta. Da ta ga dama, da ta ɗaura ɗankwali ta hau motar tumatir, babu mai hana ta. Ta zauna ne saboda ɗanta bai gama makokin ubansa ba, kuma ta san abin da zaman zai iya jawo mata. A daren labarin, mu muna ta hamma muna jiran a sallame mu, ita kuwa tana ban kwana da yayarta a gabanmu.