Dalilin da Ya Sa Na Yanke Igiyar Birgin Babana a Teku

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Duk wanda ya ji labarina a Kazaure a karkace ya ji shi, shi ya sa na ga gara in rubuto da hannuna. Abin da ake yaɗawa shi ne wai na daka wa mahaifina tsawa a gaban baƙi a Legas, na zare wuƙa na yanke birginsa na bar wa teku, sannan na jawo shi kamar akuya ba ko mayafi a kaina. Duka an yi, ban musa ko ɗaya ba. Dalilin ne ba a faɗa, kuma ni har yau ban ji kunyar abin da na yi ba.

A lokacin na gama sakandare ke nan, ina gida ina taya Inna suyar kifi. Ni mutum ce mai gajen haƙuri, ban iya kewaye-kewaye ba, kowa a gidanmu ya sani. Baba masunci ne a dam ɗin garinmu tun kafin a haife ni, kuma da birgi ya yi suna, ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai, igiyarta ɗaure a wuyan hannun mai ita. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka Uwata yake kirana. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya tashe shi, amma ƙafar hagu tana ja, yatsun hagu kuma ba sa damƙa. Birgin da ya saƙa dab da ciwon shi ne na ƙarshe, mun san ba zai ƙara saƙa wani ba.

Babban yayana yana safarar shanu daga Babura zuwa Legas, har ya yi gida a can. Bayan babbar Sallah ya aiko mu je hutu. Inna ta ce ita ruwan randarta ya ishe ta kallo, ba inda za ta. Gwaggona, ƙanwar Baba da ke aure a Roni, ita ce ta maye gurbinta. Shi Baba buri ɗaya ne ya kai shi. Ya ce ya gaji da jin labarin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, yana so ya wurga birgi a ruwan gishiri ko sau ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya naɗe birgin a buhu, ya rungumi gorarsa, babbar gorar nan da masunta ke kwanciya a kai su ratsa ruwa suna zuba kifi a ciki. A cinyarsa ta yi tafiyar nan duka, kwandasta yana tsokanarsa wai Baba amaryar taka ba ta magana ne.

Neman wurin da zai yi jifan ne ya zama aiki. Bakin tekun farko da Yaya ya kai mu, dawakai ne da kiɗa da masu ɗaukar hoto, raƙuman ruwa kuma suna tasowa sun fi tsayin mutum. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba ruwan jifa ba ne, ruwan wa'azi ne. Wuri na biyu ƙarƙashin wata gada ne, leda da robobi sun rufe ruwan, masuntan wurin kuma suka nuna mana cewa yankinsu ne. Yaya ya fara cewa Baba ya haƙura, ai ya ga teku da idonsa, ya isa labari. Sai na ga yadda Baba ya tura buhun birgin ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya. Abin ya tsaya mini a rai. Ana jibi za mu koma gida na tsare Yaya, na ce masa mutumin nan ya rungumo gora tun daga Kazaure, in muka mayar da ita a bushe ban yafe maka ba. Ya ce bakina ya fi ni girma, amma washegari da safe ya ɗauke mu ya kai mu wani ƙauye can gaba wajen iyakar ƙasa, inda wani rafi yake shiga teku. Ya ce zai leƙa kara, wato kasuwar shanu, ya dawo bayan azahar, kada Baba ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa.

Ni na hango wurin, kuma a nan ne kuskurena. Wani tudun yashi ne mai faɗi a gaba, tsakaninmu da shi wani ɗan ruwa da bai wuce idon sawu ba, bayansa kuma ruwa kwance luf, ba raƙuma. Baba ya duba yashin, ya ga jiƙaƙƙe ne, ramukan ƙaguwa ko'ina. Ya ce ruwa ya janye ke nan, kuma inda ruwa ya janye, kifi yana taruwa a zurfin da ke biye. Haka yake a dam ɗinmu: in ruwa ya ja baya bayan kaka, ya tafi ke nan sai damina ta dawo da shi. Da wannan ilimin muka auna teku. Har dariya na yi da na ga kwalekwalen mutanen ƙauyen kwance a busasshen yashi, an ɗaure su da igiya tamau. Na ce wa Gwaggo mutanen nan tsoro suke kada jirgi ya tashi ya gudu da ƙafa. Ga matan ƙauyen can zaune suna ƙyafe kifi, bai zo mini in je in tambaye su ba. Sauri nake. Gwaggo ta zauna a gindin kwakwa da abinci da takalmanmu, ni na ɗauki gora da wuƙar gyaran kifi, muka tsallaka.

Baba yana da al'ada, duk inda zai yi su sai ya kafa ɗan itace a daidai bakin ruwa. A gida yakan koma bayan mako ya ga ko ruwa ya ragu. Hannunsa ne kawai ya saba, sai ya tsinci wani itace ya kafa a bakin ɗan ruwan da muka tsallako. Sannan ya ɗaura igiyar birgi a wuyan hannun dama, ya kama gefen ragar da haƙori tunda hagun ba ya taimako, ya juya ya wurga. Jifan farko a dunƙule ya faɗa. Na biyu ma haka. Da ya ƙara, sai birgin ya buɗe zagaye sumul kamar yadda nake gani ina ƙarama. Ya jawo, ga kifaye farare suna walƙiya, ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba, ba mu ma san sunansu ba. Baba ya yi dariyar da ban ji ba tun kafin ciwonsa. Ya riƙa cewa Uwata kin gani ko, Uwata zuba a gora. Ko mafarki nake ba na so in manta fuskarsa a wannan lokacin.

Na juya ne don in ɗaga wa Gwaggo kifi ta gani. Sai ban ga itacen nan ba. Da na ƙura ido, na hango kansa kaɗai a tsakiyar ruwa yana rawa. Kwalekwalen da na yi wa dariya duk sun tashi suna lilo a kan igiyoyinsu. Nan take maganar malaminmu na labarin ƙasa ta faɗo mini, cewa teku yana cika yana janyewa kowace rana. Na haddace ta na zuba a takardar jarrabawa na wuce, ban taɓa zaton ruwan gaske ake nufi ba.

Da ladabi na fara, wannan Gwaggo ba ta ji ba saboda tana nesa. Na durƙusa na ce Baba don Allah mu koma, ruwan yana dawowa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce ina hadarin, ina ruwan saman da zai cika shi, yau kuma ke za ki koya mini ruwa. Na nuna masa itacen. Ya ce yashi ne ya zame, bari ya yi jifa ɗaya mu tafi. Wannan jifan ne ya maƙale. Ban san me ya riƙe birgin a ƙasa ba, ya ja ya ja ya ƙi tahowa. Tudun da muke kai yana ta tsukewa, ruwa ya kai masa ƙwauri, yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafarsa mara lafiya, sai ya faɗi a kan gwiwa, ruwan kuma yana jan hannunsa gaba. Na ce ya bari in kwance igiyar. Ya janye hannun, ya ce masunci ba ya barin ragarsa a ruwa, ubansa bai taɓa ba, shi ma ba zai fara a garin wasu ba.

A nan ne na ɗaga murya, kuma na ɗaga ta sosai. Na ce masa ko shi ko birgi, ɗaya ne zai koma Kazaure, kuma Inna ba birgi ta aura ba. Na danne hannunsa da gwiwata na sa wuƙa na yanke igiyar. Kallon da ya yi mini, da mari ya fi sauƙi.

Ku sani ban iya iyo ba. 'Yar masunci ce ni, amma Yaya aka koya wa, shi da ya ƙare a bin shanu. Na cire hijabi na ɗaure a ƙugu saboda yana ja na, na kifa Baba a kan gora, na naɗe guntun igiyar da ya rage a hannunsa a nawa hannun, na shiga. Ruwan da ɗazu bai rufe idon sawu ba ya kai mini ƙugu, ya kai ƙirji, yana tura ni gefe da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Gishiri ya cika mini hanci. Ina ƙoƙarin miƙewa kai tsaye zuwa inda Gwaggo take ihu, sai na ji muryar Baba a bayana, a fusace amma a natse. Ya ce kada in yi faɗa da ruwa, in bi shi a karkace, in riƙa jan ƙafa a ƙasa kada in ɗaga. Na bi. Da ruwan ya taɓa mini haɓa na yi kalmar shahada, na ci gaba da jan ƙafa, sai na ji ƙasa ta fara tasowa. Can ƙasa da inda muka shiga muka fita, matan nan masu ƙyafe kifi suka rugo cikin ruwa suka kama mu. Da na waiwaya, babu tudun yashi ko alamarsa.

Gwaggo ta gama salati, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne wai yau ta ga ƙarshen duniya, 'ya ta daka wa uba tsawa har kifi na ji. Yaya ya zo ya yi faɗansa. Kifin da ke cikin gora aka soya da yamma, Baba ma ya ci. Duk tsawon hanyar komawa gida bai kira ni Uwata ba, sai dai ke, miƙo ruwa, ke, matsa. Wannan ya fi maganganun mutane yi mini ciwo. Gwaggo kuwa daga Roni har gidan bikin da ta je a Gwiwa ba inda ba ta kai labarin ba, kowane zuwa yana ƙara tsawo.

Bayan wasu makonni ta zo gidanmu, ta sake ɗauko zancen a tsakar gida gaban maƙwabta. Baba ya fito daga ɗaki yana jan ƙafa, da guntun igiyar nan a hannu, ashe ajiye ta ya yi. Ya ɗaga ta ya ce wa Gwaggo ta duba da kyau. Ya ce da shi ne da wuƙar ba zai yanke ba, ya san halinsa, kuma da yanzu zaman makoki ta zo ba surutu ba, don haka ta ƙyale masa uwarsa. Sannan ya juyo ya ce Uwata, yankan naki dai a karkace yake, ko kifi ba a yanka haka. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi a teku ba.

Nadamata ɗaya ce, kuma ba tsawar ba ce. Ni na zaɓi wurin, ga mutanen gari zaune a gabana ban tambaya ba, birgin da ba shi da na biyu ya tafi saboda gaggawata. Don haka ina gargaɗin 'yan'uwana na Arewa da ke kai iyaye da yara bakin teku: ruwan can ba irin namu ba ne. Inda kuka taka a bushe da safe zai iya shanye mutum kafin azahar, rana tana haske, ba ɗigon ruwan sama. Ku tambayi masu wurin yaushe yake cika kafin ku cire takalmi. Kuma in ta kai ga ran mahaifinku, ku ceto shi tukuna, ku nemi gafara daga baya. Na nema, ya yafe.

Na sayo zare da dalma a kasuwa. Kullum bayan la'asar Baba yana zaune a tabarma yana faɗa da baki, ni ina ƙullawa, yana cewa in warware, ina tsaki a ciki ina warwarewa. Na kuma gaya masa sai ya koya mini iyo a dam, masu magana su ƙara da wannan. In birgin ya kammala, zan mayar da Baba ƙauyen nan. Wajen matan nan zan fara zuwa in gaishe su in tambaya, sannan in kafa itacen da hannuna, in zauna ina kallonsa har Baba ya gama jifansa.