Jirgin da Ya Hau Sama Ba Sanarwa

Ni ne na yi kuskure, kuma ba na rashin sani ba ne kawai, har da ƙarya a ciki.

Gidana a Illela yana jingine da katangar makarantar koyon sana'a. Shekarar da aka turo wani matashin malami da jirgi maras matuƙi, ɗan abu kamar faifai mai fukafukai huɗu, ban samu natsuwa ba. A wurinmu, ko magini zai hau soro, ko mai saran itace zai hau bishiya, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, domin matan maƙwabta su suturce jikinsu. Wannan abu kuwa yana da ido, ga shi yana tashi ba wanda ya ce uffan.

Aka ce ɗalibai yake koya wa duba gonaki daga sama. Ban yarda ba. Wace gona ce ƙafa ba ta isa? A majalisarmu wani ya ce ƙila 'yan kwastan yake leƙa wa hanyoyin babura na kan iyaka. Da na ga magana ta karɓu, sai na ƙara gishiri, na ce da idona na ga jirgin ya tsaya a kan tsakar gidana. Ƙararsa kawai na taɓa ji.

Maganata ce ta sa mai unguwa ya je makarantar, aka dakatar da darasin. Aka fara raɗe-raɗin za a ɗauke malamin. A kasuwa yara suna ce masa mai leƙe.

Da aka tara mu a zauren mai unguwa, malamin ya miƙa wayarsa aka duba hotunan da jirgin ya ɗauka. Gonakin albasa ne na wajen Gidan Katta, inda ruwa ya kwanta da inda ganye ya yi rawaya. Na ce a raina ai hoto ana gogewa. Shi dai tambayata ya yi wace rana na ga jirgin a kan gidana, na ce na manta. Ya ce bai san al'adar sanarwa ba, laifinsa ne da bai tambaya ba.

Matata ce ta gama da ni. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Malam, mi ka gani? Kai da kake wuni kasuwa. Ni da ke tsakar gidan ban taɓa ganinsa bisa kaina ba.”

An dawo da darasin, amma sunan bai bar malamin ba. Wata safiya na jiyo ɗalibansa daga bayan katanga sun haɗa murya suna cewa za a hau sama, alhali a filinsu kawai za su tayar da jirgin. Na kasa gama kokona.

Ranar Juma'a na tare shi a ƙofar masallaci, gaban mutanen majalisar nan. Na ce, “Malam, ban taɓa ganin jirginka a kan gidana ba. Ƙarya na yi maka, ni na jawo maka sunan nan. Don Allah ka yafe mini.”