Tabon Da Ya Rage A Jikin Alƙalamin Baba

Wata rana ina zaune a shagon Malam Tasi'u mai gyaran agogo da tabarau, wata mata ta shigo ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Ta kwance bakin gyalenta. Wani koren alƙalami ne, tsoho, irin mai shan tawada.

Ta ce na mahaifinta ne, tsohon malamin makaranta. Shekara arba'in yana tara alƙaluma, amma wannan ne ransa, don malaminsa ne ya ba shi.

Yana kwance a asibiti aka sake masa ɗaki a gida. Gudun kada su ɓace, ta manna wa kowanne sitika mai lamba.

Da safen ranar ta ɓare ta jikin koren, sai gam ya ƙi fita. Ta kankara da farce, ya ƙara yaɗuwa.

Sai ta ɗauko ruwan goge jan farce.

Shafa ɗaya ta yi. Wurin ya yi fari fat.

Ga shi da la'asar za a sallamo tsohon, likita kuma ya ja musu kunne: jininsa ba ya son ɓacin rai.

Malam Tasi'u ya kai alƙalamin hancinsa, ya shinshina.

"Hajiya, sau nawa kika shafa?"

"Sau ɗaya, Malam."

"Allah Ya taimake ki. Da kin yi na biyu, da jikin ya narke."



Ya ɗiga man zaitun a kan auduga, ɗigo ɗaya tak. Ya fara gwadawa a ƙasan murfi, inda ido ba ya kaiwa. Sannan ya ɗora a kan gam ɗin, ya ajiye.

Minti goma muna jira, agogunan bango na ta ƙara. Wayarta ta yi ƙara sau biyu, ta kasa ɗauka.

Ya murza da babban yatsa a hankali, gam ya dunƙule ya fita. Ya goge da ƙyalle mai ɗan ruwan sabulu, yana kauce wa bakin rubutun.

Gam ya tafi.

Farin tabon yana nan. Malam ya ce wannan kam sai haƙuri.

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ta iya fita.

Bayan mako biyu na koma karɓar agogona, na tambayi Malam Tasi'u labarinta. Ya ce tsohon da kansa ya zo, yana dogara sanda, da sauran alƙaluman a cire musu sitika.

Wai da bakinta ta faɗa masa, tana kuka. Bai yi faɗa ba, jinin ma bai hau ba.

Amma koren yana aljihun gaban rigarsa, ya juya tabon ciki.

Darasi: Abin da ba a samun irinsa a kasuwa, kada ka fara gwaji a kansa. Tambayi masani tun kafin ka shafa.

Tura wa wanda ka san hannunsa kan riga tunaninsa.